Me Ya Sa Kulle Fayil Ke Yaudara a Kan NFS da SMB?

A ɗauka wani ofishi ne mai kwamfuta uku, duka suna aiki da rumbun bayanan SQLite guda da ke ajiye a kan uwar garke. Rana ɗaya biyu suka rubuta a lokaci guda, fayil ɗin ya lalace. Abin mamakin shi ne, kowace manhaja ta nemi a kulle mata fayil ɗin kafin ta rubuta, kuma an amsa mata cewa ta samu.

Matsalar ta faro ne daga ma'anar kullen. A Linux kulle yawanci yarjejeniya ce kawai: manhajar da ba ta tambaya ba tana iya rubutawa abinta. A Windows kuwa tsarin da kansa yake hana wani taɓa wurin da aka kulle. Sannan Linux na da hanyoyi biyu, flock da fcntl, waɗanda a kan faifan cikin kwamfuta ba sa ganin juna.

NFS, wanda Sun Microsystems ya fitar a 1984, bai zo da kulle a jikinsa ba. A siga ta 2 da ta 3 wani tsari daban mai suna NLM ne ke riƙe kullen. Idan katangar tsaro ta tare shi, sai aiki ya tsaya cik, kuma a nan ne masu kula da tsarin kan saka zaɓin nolock don abu ya tafi. Zai tafi ɗin, amma daga nan kowace kwamfuta kanta kaɗai take kullewa, sauran ba su sani ba. Haka flock ma yake yi a kan NFS kafin Linux 2.6.12. Daga wannan siga aka mayar da shi kullen fcntl da ya rufe fayil gaba ɗaya.

NFS 4 ya gyara da yawa, domin kulle ya shiga cikin tsarin. Sai dai aro ne na ɗan lokaci, a Linux daƙiƙa 90 idan ba a canza ba. Idan sadarwa ta yanke fiye da haka, uwar garke na iya ba wani kullen. Tun daga Linux 3.12 manhajar da ta rasa kulle takan sami kuskuren EIO maimakon ta ci gaba da rubutu a makance, wanda ya fi.

Raba babban fayil ɗaya ta SMB ga masu Windows da kuma NFS ga masu Linux a lokaci guda ya fi kowanne haɗari, sai an gwada da kwamfuta biyu an tabbatar kullen ɗaya yana tare ɗayar.

Su kansu masu SQLite sun yi gargaɗi kan ajiye shi a irin wannan wuri, kuma yanayinsa na WAL ba ya aiki a kai sam, saboda yana buƙatar ƙwaƙwalwar da ake rabawa a cikin kwamfuta ɗaya. Ofishin nan mai kwamfuta uku PostgreSQL ko MariaDB ya dace da shi, inda manhaja ɗaya ce ke taɓa fayil, sauran suna aiko mata da buƙata.