DARASIN NGURU GA MANAJOJI

Duk ɗan Arewa da ke cin abinci a Ikko ko Badun ya san manaja iri biyu ne: akwai wanda ke gaishe da lebura da sunansa, akwai kuma wanda ba ya ganin kowa sai ɗan garinsu. Wannan magana ba a Kudu ta fara ba.

A 1930 ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, ta tsaya a nan. Gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu na ƙasar Bade, har da na Gashuwa da Jakusko, ta wannan tasha suke bi zuwa Kurmi. Aikin reluwe ya kawo Yarbawa da Ibo, suka tarar da Mangawa da Badawa da Filani da Hausawa. Mai tikiti daban, mai lodi daban, mai shanu daban, amma tarago ba ya tashi sai sun fahimci juna.

Rikicin 1966 ya nuna abin da rashin amana ke jawowa. Ma'aikatan reluwe 'yan Jihar Gabas suka bar Arewa, aiki ya gurgunce, kayan manoma suka yi ta jiran jirgi.

Tsarin mulkin 1979 ya ce a raba muƙaman gwamnati yadda kowane sashe zai samu, kuma a 1996 aka kafa hukumar da ke lura da haka. To, amma doka ɗaukar ma'aikaci kawai take iya tilastawa. Ba ta iya sa shugaba ya saurare shi.

Wannan kuwa aikin manaja ne, ko a ofishin ƙaramar hukumar Jakusko, ko a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, ko a masaƙun Ikeja. Kada ya juya harshe a taro don a bar wani a duhu. Kada ya tsawata wa dattijo a gaban yara. Ya san lokacin Juma'a, ya san na coci. In ƙarin girma ya zo, ya dubi aiki, ba tsagen fuska ba.

'Yan'uwa mazauna Kudu, wasunku yau helumomi ne, wasu manyan akawuna. Abin da kuke kuka da shi, kada ku yi wa na ƙasa da ku. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.