Wi-Fi a Inda Babu Waya: Wasu Hanyoyin Amfani da Ba a Saba Gani Ba

Hanyar sadarwa ta kusa marar waya, wadda aka fi sani da Wi-Fi, tsari ne da ke haɗa kwamfutoci da wayoyin hannu ta igiyar rediyo a cikin ɗan taƙaitaccen wuri, kamar ofis ko ɗakin karatu. A shekarar 1997 aka fitar da ƙa'idojinta na farko, sannan aka raɗa mata sunan Wi-Fi a 1999. Mutane da dama na ɗaukar cewa Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Wi-Fi hanya ce kawai tsakanin na'ura da na'ura, ko da intanet ko babu. Fahimtar wannan bambanci ita ce ta ba wasu al'ummu damar sarrafa ta ta fuskokin da masu ƙirƙirarta ba su yi zato ba.

Misali na farko shi ne tsarin DakNet, wanda masu bincike na cibiyar MIT ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma gwada a ƙauyukan Indiya a farkon shekarun 2000. Kalmar "dak" tana nufin gidan waya a harshen Hindi, kuma sunan ya dace da aikin. Akan ɗora wata 'yar na'ura a kan motar safa da ke zirga-zirga tsakanin birni da ƙauye. Mutanen ƙauye sukan rubuta saƙonninsu a kwamfutar da aka ajiye musu, saƙonnin su zauna jiran mota. Da zarar motar ta matso kusa, sai na'urarta ta kwashe su ta Wi-Fi, ta kuma sauke waɗanda ta zo da su, ba tare da direba ya taɓa komai ba. Idan ta koma birni sai ta miƙa su ga intanet. Ke nan amsa takan ɗauki yini guda ko fiye, amma ga wanda wasiƙarsa ke yin makonni a hanya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A lardin Ratanakiri na Kambodiya, inda hanya ba ta biyuwa ga mota, babura aka yi amfani da su wajen kai saƙonni makarantun karkara.

A ƙasar Nepal kuwa, nisa aka yi wa dabara. Wani malamin makaranta mai suna Mahabir Pun, ɗan ƙauyen Nangi da ke cikin tsaunuka, yakan yi doguwar tafiya zuwa birnin Pokhara kafin ya sami intanet. Shi da wasu 'yan sa-kai suka riƙa ɗaure eriya mai siffar faranti a kan bishiyoyi da ƙololuwar duwatsu, suna saita ta yadda za ta dubi 'yar'uwarta kai tsaye. Da haka saƙon da ba ya wuce 'yan mitoci ya riƙa tsallaka kilomitoci masu yawa. Makarantu suka amfana, ma'aikatan lafiya na ƙauye suka sami damar tuntuɓar likitocin birni, har makiyayan shanun tsauni suka riƙa jin labarin gida. An ba shi lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2007.

Wanda ya fi shafar malami shi ne rumbun karatu na eGranary. Tunaninsa ya samo asali ne daga wahalar intanet da Cliff Missen ya gani lokacin da ya koyar a Jami'ar Jos a 1999. Akan tara miliyoyin littattafai da maƙalu da hotuna a cikin ma'adanar kwamfuta guda, a ajiye ta a makaranta, ɗalibai su riƙa buɗe su ta hanyar sadarwar cikin gida, mai waya ko marar waya, ba tare da sayen data ba. Sai dai rumbun yana da nasa rauni. Abin da aka zuba a ciki shi kaɗai za a tarar har sai an sabunta shi, kuma akasarinsa da Ingilishi yake. Makarantar da ke son ɗalibanta su sami rubutattun waƙoƙi da tatsuniyoyi da darussan nahawun Hausa a irin wannan rumbu, malamanta ne za su tattara su, su tace, su zuba da hannunsu.