Barkono: a auna rumfa kafin a shiga garka

Madawa ta yi suna da albasa da tabarmar kaba. Amma a garaken kwarin Tarka da na Magiya, har zuwa fadamun Buza da Keita, inda aikin raya karkara da Italiya ta ɗauki nauyinsa ya kankama a 1984, barkono da tattasai na cikin abin da ke fid da mai noman rani kunya. Sai dai asara takan laɓe tsakanin tsinka da shanya.

Fiye da kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen barkono ruwa ne. In aka tula shi, ko aka ɗaure shi cikin buhun leda, sai ya ɗauki zafi, ya yi gumi, ya ruɓe. Funfunar da ke kama shi kuwa tana iya haifar da guba mai lahanta hanta.

Saboda haka lissafi ya kamata ya riga tsinka. Manomi ya baje buhu ɗaya, kaurinsa kada ya wuce faɗin tafin hannu, ya ga tabarma nawa ya ci, sannan ya ninka da yawan buhunan tsinkar da ta fi albarka. In ana tsinka kowane mako, shanya kuma na cin mako 2, filin shanya sai ya ɗauki tsinka 2 a lokaci guda. Abin da ya rasa wuri, rumfa zai jira.

Rumfar ta kasance mai inuwa da iska, da gadon kara bisa ƙasa, kamar rudun albasa. In wuri ya kasa, a bar barkono jikin uwarsa kwana 2. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.