Wane ne Babba, Sodiyam ko Kalorin?

Ga wata tambaya da ke kayar da da yawa daga cikinmu a imtihan: zarra mai ilektron da yawa, ita ce ta fi girma? Amsar ita ce a'a, ba kullum ba.

Duk abin da muke gani, daga ruwan Nilu da ke wucewa ta Mai Wurno har takin yuriya da ake zuba wa auduga a hawashar Jazira, ƙwayoyin zarra ne suka haɗu suka yi shi. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya mai ɗauke da furoton, su kuma ilektron suna kewaye da ita sahu-sahu. Yawan ilektron daidai yake da yawan furoton. Haidirojin na da 1, naitirojin na cikin yuriya 7, oksijin 8, ƙarfen fartanya 26, zinare kuwa 79.

Sahun farko ba ya ɗaukar fiye da ilektron 2, na biyu kuma 8. In sun cika, sai a buɗe sabo. To, girman zarra abu biyu ke yanke shi: yawan sahu, da ƙarfin jan da furoton ke yi wa ilektron, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura.

Mu ɗauki gishirin miya, wanda sodiyam ne da kalorin. Sodiyam na da ilektron 11, wato 2, 8, 1. Kalorin na da 17, wato 2, 8, 7. Dukkansu sahu uku ne. Amma furoton 17 sun fi 11 ƙarfin ja, don haka kalorin ya takure. Ana auna zarra da fikomita, wato mita ɗaya a raba ta gida miliyan sau miliyan. Daga cibiya zuwa baki, sodiyam kusan 186 ne, kalorin kusan 99. Ka ga mai ilektron kaɗan shi ne babba! Haka fotasiyam mai ilektron 19, kusan 227 yake, ya fi zinare da ke kusan 144.

Shi ya sa a jadawalin da Mendelif na Rasha ya fara tsarawa a 1869, in ka sauko ƙasa zarra na ƙara girma saboda sabon sahu, in ka bi layi daga sodiyam zuwa kalorin tana ƙanƙancewa.

Me ya dame mu da wannan? Ilektron na ƙarshe na sodiyam ya yi nisa da cibiya, sai ya sake shi cikin sauƙi. Kalorin kuma ya fizge, ya cika sahunsa. A nan lissafi ke juyawa: a cikin gishiri sodiyam ya koma kusan 102, kalorin ya kumbura zuwa 181. Wannan halin fizge na kalorin ne ke lalata ƙwayoyin cuta irin na kwalara idan an sa shi a ruwan sha. Saboda haka in ma'aikatan lafiya sun raba ƙwayar kalorin, kada mu ƙi ta don warinta, mu dai bi awon da suka faɗa.

A imtihan kuma, kafin ka rubuta amsa, fara ƙirga sahu, sannan ka duba furoton. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.