Bayan An Yi Wa Mutum Aikin Gyaran Bugun Zuciya

Yau maganarmu a kan zuciya ce.

Akwai mutanen da bugun zuciyarsu yakan rikice, ta riƙa sauri ko tsalle-tsalle. Idan magani ya kasa, likitocin manyan asibitoci sukan zura siririyar waya ta jijiyar jini a gindin cinya, su bi da ita har cikin zuciya, su ƙone ɗan wurin da ke kawo rikicin. A Amurka aka fara yi wa mutum wannan aiki, cikin 1981. Yawancin waɗanda aka yi wa sukan sami sauƙi, su koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu. Amma wata matsalar takan ɓullo bayan an dawo gida, don haka ku san alamunta.

Na fari, wayar tana iya huda bangon zuciya, jini ya taru cikin jakar da ke lulluɓe da ita, ya matse ta. Wannan yakan sami kamar mutum 1 cikin 100. Alamarsa haki, jiri, gumi mai sanyi da suma.

Na biyu, ƙunar tana iya taɓa hanyar da saƙon bugu ke bi, zuciya ta yi nawa ƙwarai. Wani lokaci sai an dasa wa mutum 'yar na'ura a ƙirji.

Na uku, gudan jini yana iya tashi zuwa ƙwaƙwalwa. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya mutu. Saboda haka kada mai jinya ya bar shan maganin tsinka jini sai likita ya ce.

Na huɗu ba safai yake faruwa ba, amma shi ya fi kisa. Hanyar abinci tana manne da bayan zuciya, kuma zafi yana iya cinye ta har ta huje, daga mako 1 zuwa wata 2 bayan aikin. Mutum sai ya ji zazzaɓi, ciwon ƙirji, da zafi wajen haɗiya. Kada ku ce zazzaɓin sauro ne ku zauna.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi babban asibiti nan da nan, tare da takardarsa. Ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da kayan wannan aiki. A faɗa wa likita ranar da aka yi aikin tun daga bakin ƙofa.

Mu kwana lafiya.