Kauɗa da fasasshen tumatir: Gubar da tafasa ba ta kashewa a tukunyar miya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta fita daga birnin Damagaram ta yi gabas, ya wuce Mirriya ya nufi Hamdara da Gidimuni a ƙarshen hunturu, zai riƙa hango jajayen shimfiɗu a gefen garake da bayan gidaje. Tumatir ne aka yayyanka aka baza wa rana. Wani a kan tabarma, wani a kan tsofaffin buhuna, wani kuwa a ƙasa kawai bayan an ɗan share ta da tsintsiya. Cikin 'yan kwanaki zai ƙanƙance ya yi duhu ya zama kauɗa, a ɗura shi a buhu, a jira damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke gagarar talaka.

Kauɗa ce asusun mai garka. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Janar Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, garake suka yawaita a duk inda ruwa ke kusa a jihar Damagaram. Matsalar ita ce kowa shuka yake a lokaci guda, kowa kuma tsinka yake a lokaci guda. Daga Fabrairu zuwa Maris tumatir kan cika kasuwar Mirriya da Kasuwar Dole har farashinsa ya faɗi warwas. Babu ɗakin sanyi a ƙauye, babu kamfanin da zai kwashe. Wanda bai shanya ba ya yi asara.

Sai dai ba kowane tumatir ake yankawa ba. Mai kyau, mai ƙarfi, shi ake jerawa a kwando a kai kasuwa. Abin da ya rage a garka, wato wanda ya fashe, wanda tsutsa ta huda, wanda ya nuna ya wuce misali har ya fara baƙi a gindi, sau da yawa shi ke ƙarewa a shanya. A idon manomi wannan tattali ne, ba a zubar da abin da aka sha wahalar ban ruwansa. A wajen masana lafiyar abinci kuwa, daga nan matsalar take farawa.

Baƙin tabon da ke gindin tumatir

Wannan baƙin tabo mai ɗan lotsawa da ake gani a jikin nunannen tumatir, galibi kusa da inda ya rabu da reshe, aikin wata fumfuna ce da masana ke kira Alternaria. Ƙwayoyinta suna cikin ƙasa da iska da ragowar tsohuwar shuka. Ba ta cika samun hanya a lafiyayyen tumatir ba, jira take fata ta tsage, ko rana ta ƙone gefe ɗaya, ko ƙwaro ya yi huda. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoman Kano da Kaduna suka laƙaba wa suna Sharon bayan ta cinye gonakinsu a 2016, ko ba ta gama da tumatir ba takan bar ƙofa a buɗe ga fumfuna. Raɓar asuba ta ƙarasa sauran aikin.

Yayin da fumfunar ke cin tumatir, tana zubar da wasu sinadarai masu guba a cikinsa. Uku aka fi sa wa ido: altanariyol, da ɗan'uwansa da ake taƙaita sunansa da AME, da kuma wani mai suna tenuwazonik. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna biyun farko suna lalata ƙwayoyin gado na halitta, abin da ya sa hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi nazari a kansu a 2011, ta sake a 2016, ta kuma gano cewa tumatir da abubuwan da ake sarrafawa daga gare shi suna cikin manyan hanyoyin da gubar ke shiga jikin mutane. A watan Afrilun 2022 Tarayyar ta fitar da ma'aunin da idan kayan tumatir suka haura shi sai a binciki dalili: maikirogiram 10 na altanariyol a kowane kilo, 5 na AME, 500 na tenuwazonik. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji.

A gidajenmu dabarar da aka sani ita ce a sa wuƙa a yanke wurin da ya yi baƙi, a wanke sauran a jefa a turmi. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce uffan ba. Dabarar tana aiki a kan abu mai tauri irin karas ko kabeji, idan aka yanke da faɗi. Tumatir kuwa kusan duk ruwa ne, kashi 94 cikin 100 ko fiye. Zaren fumfunar da gubarta sukan ratsa cikin ruwan su wuce inda tabon ya tsaya. Shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ke ba da shawarar a yar da duk wani kayan lambu mai taushi da fumfuna ta kama, ba a tsaya yanke-yanke ba.

Abin da aka gano a kasuwannin Sakkwato

Akwai wata fumfunar da ta fi Alternaria muni, kuma mutanen Damagaram sun daɗe da ita ko da ba su san sunanta ba. Ita ce Aspergillus flavus, mai launin kore-kore da rawaya, wadda ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da laima. Duk wanda ya taɓa tauna gyaɗa mai ɗaci ya tofar, akwai yiwuwar ya gamu da irinta. Gubarta ake kira aflatoksin. Duniya ta san da ita ne a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Yau cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, musamman ta hanta. Idan ta yi yawa a lokaci guda kuwa kisa take nan take: a 2004 mutum 125 suka rasu a gabashin Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

A wannan shekarar ta 2004 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a kasuwannin birnin Sakkwato. Sun tattara ruɓaɓɓen tumatir da ake sayarwa, suka tarar da fumfuna iri-iri a jikinsa, har da Aspergillus flavus, suka kuma samu aflatoksin a ciki. Daga nan suka saka tumatirin a tukunyar matsi ta ɗakin bincike, mai zafin digiri 121, na tsawon minti 15. Da aka sake aunawa gubar tana nan. Tukunyar miya a kan murhu ba ta wuce digiri 100. Ke nan maganar da aka saba yi cewa wuta na kashe komai gaskiya ce a kan fumfunar kanta, amma abin da ta riga ta zubar a cikin tumatir yana nan daram bayan an sauke tukunya.

Irin tumatirin da suka auna ba baƙo ba ne a ko'ina cikin ƙasar Hausa. A kasuwannin Najeriya har suna gare shi, baje, kuma yana da masu saye na musamman: masu sayar da abinci a bakin tasha, da magidantan da kuɗin cefanensu bai kai na mai kyau ba. Da zarar an kai shi injin markaɗe an haɗa da attaruhu da albasa, shi ke nan, babu mai iya bambance shi da lafiyayye. Saurayin da ke cin shinkafa da miya a bakin titi a Damagaram ko Kano bai ga tumatirin ba balle ya zaɓa.

Kada a ɗora wa kauɗa laifin da ba nata ba

Shanya ita kanta ba laifi ba ce, hasali ma ita ce maganin fumfuna idan an yi ta daidai, domin fumfuna ba ta girma a busasshen abu. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan busassun kayan miya daga Benin da Mali da Togo ya auna kuɓewa, barkono, tumatir, albasa, agushi da kuka. An samu fumfuna a jikinsu, amma aflatoksin a kuɓewa da barkono kaɗai aka same ta, ba a busasshen tumatir ba. Gyaɗa da masara har yanzu su ne manyan hanyoyin wannan guba a yankinmu. Wanda ya daina cin kauɗa ya ci gaba da cin ƙuli-ƙulin da aka yi da ragowar gyaɗa mai ɗaci bai tsira daga komai ba.

Haɗarin kauɗa yana wurare uku ne, kuma na farko shi ne wanda aka ambata: abin da aka yanka. Idan tumatirin ya riga ya kamu, rana za ta janye ruwan ne ta bar gubar. Sai an shanya fiye da kilo 10 na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na kauɗa, don haka duk gubar da ke cikin kilo goman ta tattaru a wuri ɗaya. Duhun da kauɗa ke yi kuma yana ɓoye tabon.

Na biyu shi ne kwanakin shanya. Iskar hunturu a ƙasar Damagaram busasshiya ce, wannan sa'a ce babba da manomin kudu ba shi da ita. Amma idan aka yanka da kauri, aka tara shi a kan juna, aka bar shi ya kwana a ƙasa kusa da garka mai laima, saman ne zai bushe cikin ya zauna da danshi kwana da kwanaki. Ga ƙura, ga awaki, ga kaji.

Na uku, wanda a ganina aka fi sakaci da shi, shi ne ajiya. Ai ribar kauɗa tana cikin jira ne, a riƙe ta daga Maris har zuwa Yuli ko Agusta. Wato tana shafe mafi zafin watanni, sannan ta shiga mafi laimarsu, a cikin buhu, a ɗakin ƙasa, wani lokaci a jingine da bango mai tsotson ruwa. Zafi da laima su ne abincin Aspergillus. Kauɗar da aka ɗura lafiya lau a bazara tana iya yin laushi da warin gumi a tsakiyar damina, kuma a lokacin ne tiyarta ta fi tsada, ba mai son zubarwa. Wasu sukan sake baza ta a rana ta ƙara bushewa, a daka ta zama gari. Garin tumatir kuwa, kamar markaɗe, ba ya ba da labarin abin da aka daka.

Na gwangwani da na leda

Mai karatu a birni zai iya cewa shi ai na gwangwani yake saye. Nan ma lissafin ɗaya ne: ana ƙafe kilo biyar zuwa shida na tumatir kafin a samu kilo ɗaya na mai kaurin nan, kuma gubar Alternaria tana jure zafin sarrafawa. Ingancin abin da ke cikin gwangwani ya dogara ne da irin tumatirin da kamfani ya yarda ya karɓa a ƙofarsa. Wannan tsohuwar rigima ce. Tun a 1911 wani masani a ma'aikatar noma ta Amurka, Burton Howard, ya fito da hanyar ƙirga zaren fumfuna a cikin miyar tumatir ta kwalba da madubin ƙara girma, don a kama kamfanonin da ke niƙa ruɓaɓɓe, kuma har yau ana amfani da hanyar. A gida, abin da ya fi yawa shi ne a buɗe gwangwani a ɗebi rabi a ajiye sauran. Idan ya yi farin gashi ko baƙi a sama, kwashe saman ba ya tsarkake na ƙasa. Ko firji ba kariya ce ta har abada ba, don Alternaria tana iya girma a cikin sanyi, a hankali dai.

Me ya sa matasa za su damu

Aflatoksin ba ta cika nuna kanta washegari ba. Ɓarnarta ce ke taruwa a hanta shekara da shekaru, kuma ta fi yin illa ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Masana sun ƙiyasta cewa idan abubuwan biyu suka haɗu a jikin mutum, haɗarin kansar hanta na iya ninkawa har kusan sau 30 a kan na wanda ke cin gubar ba tare da ciwon ba. Wannan ciwo ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma sai a 2008 aka shigar da rigakafinsa cikin allurar yara ta yau da kullum a Nijar. Duk wanda aka haifa kafin nan, wato yawancin masu karanta wannan rahoto, bai same ta ta wannan hanya ba. Gwajin jini ne kawai ke nuna ko mutum na ɗauke da shi. A ɓangaren yara kuwa, binciken da aka yi a Benin da Togo a farkon shekarun 2000 ya nuna yaran da aflatoksin ta fi yawa a jininsu sun fi fama da tsumburewa.

Su ma 'yan ci-rani abin ya shafe su. Kauɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji su ne tsarabar da iyaye ke ƙullawa a aika wa ɗa a Agadas, Libiya, Aljeriya, Abijan ko Saudiyya. Ana ƙulle su tam a leda, su yi kwanaki a cikin mota mai zafi. Idan da sauran danshi a jikinsu lokacin ƙullawa, ledar ta zama ɗakin kiwon fumfuna. Wanda aka kawo wa saƙo ya buɗe ya shinshina kafin ya zuba a tukunya. Kauɗa mai kyau tana karyewa ƙaras idan aka lanƙwasa ta, ba ta danƙo, ba ta warin ɗaki, ba ta da ƙura mai launin kore ko baƙi a cikin lungunanta.

A garka kuwa gyaran bai fi ƙarfin manomi ba. A ware mai tabo tun wurin tsinka, a yanka da sirara, a shanya a kan rumfa ko gadon kara da ya ɗaga daga ƙasa, a kwashe da yamma kafin raɓa ta sauka, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Abin da ke da wuya shi ne kasuwa. A yau tiyar kauɗar da aka tsince aka shanya a kan rumfa da wadda aka kwaso daga ƙasa kusan kuɗinsu ɗaya, mai saye launi da cika kawai yake dubawa. Manomin Hamdara da ya zubar da kwandon fasasshen tumatir don lafiyar wani da ke Damagaram ko Tamanrasset, daga aljihunsa ya yi asarar, kuma ranar Lahadi a kasuwar Mirriya buhunsa zai tsaya ne kusa da na maƙwabcinsa da bai zubar da ko ɗaya ba.