Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Jikokin Fatake da Dutsen Kamaru

Duk wanda ya daɗe a Douala ya san irin wannan yammacin. Ruwa ya ɗauke, gari ya washe, mutum yana kan gadar Wouri zai haye Bonaberi, sai ya hango wani baƙin dutse can yamma ya tokare sama. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, babu kuma wanda ya kai shi tsawo a duk wannan sashe na gaɓar tekun Afirka. Da yawanmu an haife mu a New Bell, mun yi aure mun hayayyafa muna hangensa, amma ko gindinsa ba mu taɓa takawa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata muhawara da ta shiga wasu gidajenmu. Samari suna neman izinin iyaye su je su hau dutsen, su kwana biyu ko uku a daji da jaka a baya. Wani uba ya ce wannan aikin Turawa ne da marasa abin yi. Wata uwa ta ce ba ta haifi ɗa don ya je ya kwana cikin giwaye ba. Su kuwa yaran, in an hana su a sarari, akwai tsoron su sulale a ɓoye, babu jagora babu shiri. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowanne, shi ya sa ya kamata a zauna a duba lamarin da idon basira.

Mu ma jikokin matafiya ne

Kafin mu ce tafiyar ƙasa baƙuwar al'ada ce, mu tambayi kanmu yadda aka yi Bahaushe ya zo bakin teku. Jirgin ƙasa bai isa Ngaoundéré ba sai a 1974, alhali kakanninmu sun riga shi zuwa kudu da shekaru masu yawa. Da ƙafa suka biyo ta Yola, Banyo, Tibati da Yoko, suna fataucin goro da hauren giwa da tufafi. Wasunsu suka yada zango a New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka gab da yaƙin 1914, ta zama masaukin baƙi. Wasu kuma daga cikin magabatan suka nufi gabas ta Chadi da Sudan, suka shekara suna tafiya kafin su ga Ka'aba.

Amma fa ayarin fatake ba a tashinsa da ka. Akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba da ya san hanya da mashaya, an san zangon da za a kwana tun kafin a ɗaura kaya, an auna guzuri da yawan kwanaki. Ba a barin mara lafiya a baya. Wannan tsari shi ne gadonmu na gaskiya, kuma shi ne daidai abin da hawan dutse yake bukata. Yaron da yau ko kasuwar Nkololoun zai je sai ya hau babur, in ya nemi ya gwada ƙafarsa, bai fita daga turbar kakanninsa ba, muddin ya ɗauki tsarinsu tare da ƙarfin halinsu.

Yadda dutsen yake

Daga Douala zuwa Buea, garin da ke gindin dutsen, kusan kilomita 70 ne, ta Bekoko da gadar Mungo da Tiko da Mutengene. Bakweri, mutanen wurin, suna kiran ƙololuwarsa Fako. Dutse ne mai aman wuta da bai mutu ba: ya yi aman a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Na 1909 ya sa Jamusawa, waɗanda suka mai da Buea hedikwatar mulkinsu a 1901, suka tattara suka gudo Douala na ɗan lokaci. Na 1999 kuwa, narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota kusa da Bakingili, bayan Limbe. A 2009 gwamnati ta mai da yankin gandun daji na ƙasa mai faɗin kusan hekta 58,000, inda giwayen kurmi da birai da wasu tsuntsaye da ba a samunsu ko'ina a duniya suke samun mafaka.

Masu tafiyar kwana uku kan tashi daga saman garin Buea da sassafe. Da farko gonaki ne, sai kurmi mai duhu da laima, bishiyoyi sun sha gansakuka, har a iso bukka ta farko. Daga nan kaɗan sai kurmin ya yanke kamar an sa wuƙa, a fito fili mai ciyawa da hawa mai tsini, inda gwiwa take fara kuka. Akan kwana a bukka ta biyu, kusan mita 2,800 daga bakin teku. In dare ya yi sarari, daga nan ana hango fitilun garuruwan ƙasa, mutum ya ga birnin da yake ganin ya cika duniya ya koma kamar garwashi a kasko.

Rana ta biyu ita ce mai wuya. Ciyawa takan ƙare, sai baƙin tsakuwa da toka, ga iska mai ratsa ƙashi, numfashi kuma ba ya isa. Bayan an taɓa ƙololuwa sai a gangara ta ɗaya gefen, a ratsa ramukan aman wutar 1999, a kwana a maɓuɓɓugar Mann, wadda aka sa wa sunan Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai da ya hau dutsen tare da Richard Burton tsakanin 1861 da 1862. Rana ta uku a sake shiga kurmi, a sauko ƙauyen Bokwango.

Kada labarin tseren da ake yi duk shekara ya ruɗi kowa. Tun 1973 ake wannan gasa, inda gwanaye suke hawa su sauko, kusan kilomita 38, cikin sa'o'i huɗu da ɗoriya, kuma wata mata, Sarah Etonge, ta lashe ta sau bakwai. Waɗannan mutane ne da suka shekara suna horo a kan dutsen. Ɗan New Bell da ya tashi a ƙasar da ko tudu babu, nasa shi ne sannu ba ta hana zuwa.

Abin da uba zai tambaya kafin ya ce to

Na farko, wane ne jagaba? Ba a shiga gandun sai da izini da jagora daga Buea, akwai kuma 'yan dako masu taimakawa da kaya da ruwa. Hazo kan rufe dutsen cikin ɗan lokaci har mutum ya kasa ganin na gabansa, kuma a kan baƙin dutse sawu ba ya fita. In jagora ya ce a juya, a juya.

Na biyu, yaushe? Lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne ya fi. Gefen dutsen da ke fuskantar teku yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, don a Debundscha akan samu kusan milimita 10,000 a shekara. Kada kuma a haɗa wannan tafiya da azumi.

Na uku, me ke cikin jaka? Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safar hannu, rigar ruwa, bargo, tocila, da takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin a can sama sanyi kan kai kusan na ƙanƙara. Ruwa ya yi ƙaranci da zarar an bar kurmi, sai a ɗauki isasshe. Guzurin kakanninmu har yau babu kamarsa: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa, kuma mutum ya huta da tambayar wa ya yanka.

Na huɗu, lafiya. Ciwon kai mai tsanani, amai da jiri alamu ne na cewa tsayin ya fi ƙarfin jiki, maganinsu kuma shi ne saukowa. Mai ciwon zuciya, asma ko sikila ya ga likita tukuna.

Na biyar, tsaro. Tun 2016 yankin Kudu maso Yamma yake fama da rikici, a wurare da yawa akan rufe kasuwa da hanya ranar Litinin, kuma a 2023 abubuwan fashewa sun raunata mutane a wajen tseren dutsen. A tuntuɓi 'yan'uwa mazauna Buea da Limbe kafin a sa rana, a tafi da katin shaida, a guji tafiyar dare. In suka ce a dakata, dutse ba ya gudu.

Salla da mutuncin masu gida

Matafiyi ba ya ajiye salla a gindin dutse. Inda ruwa ya zama na sha kaɗai, akwai taimama, dutse kuwa ga shi ko'ina. Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata arewa. Batun kasaru yana bukatar lura: a mazhabar Malikiyya nisan da ake rage salla kusan kilomita 80 ne, Buea kuwa ba ta cika kai hakan ba, don haka a tambayi malamin unguwa tun a gida, kada a je ana gardama a bakin bukka.

Bakweri suna da nasu al'adun game da dutsen, waɗanda ba aƙidarmu ba ne. Baƙo mai hankali ba ya shiga abin da ya saɓa wa addininsa, ba ya kuma yi wa mai masauki izgili. Kada a tsinke tsiro, kada a kunna wuta a ciyawa, duk leda da gwangwanin da aka hau da su a sauko da su.

Shawararmu ga iyaye ita ce kada a rufe ƙofa da faɗa. A ce wa yaro ya kawo sunan jagora, da abokan tafiya, da ranar dawowa, da babban da zai zama madugu. A fara da wuni ɗaya, zuwa bukka ta farko a dawo. In da hali, uba ya ɗaura takalmi ya bi su, domin hirar da za a yi a hanya ba za a same ta a zaure ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in an yi ta da shiri. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya.